Jon Postel: Magatakardan da na'urorin intanet ke aiki da littafinsa har gobe

 Yau tarihin wani Ba'amurke na kawo muku, wanda ya rasu tun 1998. Na san da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin sunansa ba, alhali kullum muna cin moriyar aikinsa. Sunansa Jon Postel. Abin da ya shafe kusan shekara talatin yana yi shi ne tace ƙa'idojin da kwamfutoci ke bi wajen magana da junansu, da kuma riƙe littafin lambobin da suke amfani da su.

Ga dalilin da ya sa na ɗauko shi. Matasanmu masu koyon aikin sadarwa suna yawan jin ana cewa zamanin buga umarni da hannu ya wuce, yanzu manhaja ce ke saita na'urori ta hanyar abin da ake kira API. Maganar da gaskiyarta. Babban kamfanin waya yana da dubban na'urori masu raba hanya, waɗanda ake kira rauta, da masu haɗa layuka, wato siwic. A da, injiniya kan shiga kowace ɗaya ya buga mata umarni layi bayan layi. To idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Mutum ɗaya ya gaji, yatsa ya zame, sai gari guda ya wayi gari babu sabis. Shi ya sa aka koma rubuta manhaja wadda za ta yi wa na'urorin magana da kanta.

API ɗin nan kamar tagar banki take. An riga an faɗa maka irin takardar da za ka cike ka miƙa, an kuma faɗa maka irin amsar da za a dawo maka da ita. Abin da ke faruwa a bayan kanta ba ruwanka da shi. Amma kafin manhajar da aka rubuta a wata ƙasa ta tsaya gaban tagar na'urar da aka ƙera a wata ƙasa daban su fahimci juna, sai an samu abu biyu: rubutacciyar ƙa'ida wadda kowa zai iya karantawa, da littafin rajista guda ɗaya wanda kowa ya yarda da shi. Waɗannan abubuwa biyu su ne rayuwar Postel.

Daga Altadena zuwa UCLA

An haifi Jonathan Bruce Postel ranar 6 ga Agusta, 1943, a garin Altadena na jihar Kalifoniya. Ya yi sakandare a Van Nuys, wani yanki na birnin Los Anjeles, makarantar da Vint Cerf da Steve Crocker su ma suka yi. Su ukun nan suka sake haɗuwa a jami'ar UCLA, inda Postel ya samu digirin farko a 1966, na biyu a 1968, duka a fannin injiniyanci, sannan ya kammala digirin digirgir a kimiyyar kwamfuta a 1974.

Yana ɗalibi ne hukumar bincike ta ma'aikatar tsaron Amurka, ARPA, ta ɗauki nauyin haɗa kwamfutocin wasu cibiyoyin bincike ta layin waya. Wannan shi ne ARPANET. Cibiyoyi huɗu aka fara da su a 1969: UCLA, da cibiyar bincike ta SRI, da jami'ar Kalifoniya reshen Santa Barbara, da jami'ar Utah. Matsalar ita ce kwamfutocin huɗun kowace da irinta. Ta UCLA Sigma 7 ce, ta SRI kuma SDS 940, ta Santa Barbara ƙirar IBM ce, ta Utah kuwa PDP-10. Kamfanin BBN ya ƙera akwatunan da za su riƙa ɗaukar saƙo tsakanin garuruwa, amma yadda kwamfutocin kansu za su gaisa su fahimci juna, sai aka bar wa ɗaliban jami'a su san yadda za su yi. Postel yana cikin waɗannan ɗalibai, a rukunin Farfesa Leonard Kleinrock. Ranar 29 ga Oktoba, 1969 aka aika saƙon farko daga UCLA zuwa SRI. Haruffa biyu kacal suka isa, na'urar ta tsaya, aka gyara aka sake gwadawa.

Takardun neman ra'ayi

Ɗaliban nan ba su da muƙami, kuma suna tsoron kada manya su ce sun yi shisshigi. Saboda haka da Steve Crocker ya rubuta takardar farko ranar 7 ga Afrilu, 1969, sai ya sa mata suna mai ladabi, wanda ma'anarsa neman ra'ayi. A taƙaice ana kiran irin waɗannan takardu RFC, kuma sunan ya zauna har yau. Tun shekarun farko aikin tace su da ba su lamba ya faɗo hannun Postel, bai kuwa sauke shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Shi kansa ya rubuta, ko an rubuta tare da shi, fiye da guda 200.

Tsarin da ya bi yana da tsauri. Rubutu ne zalla babu ado, kowane layi ba ya wuce haruffa 72, don kowace irin kwamfuta ta iya buɗe shi. Takarda idan ta fita da lambarta ba a sake taɓa ta. In an ga gyara, sai a fitar da sabuwa da sabuwar lamba, a bayyana cewa ta maye gurbin waccan. Sannan kyauta ce, ba a sayar wa kowa. Wannan ya sa injiniyan da ke Finlan da wanda ke Japan za su iya karanta shafi ɗaya, kowa ya rubuta manhajarsa a ɗakinsa, ranar da aka haɗa su kuma su yi aiki tare. A ganina wannan ita ce babbar gadon da ya bari, domin duk wata API ta na'urorin sadarwa da ta zama ta kowa da kowa, ta wannan hanya ta biyo.

Postel ya yi aiki na ɗan lokaci a kamfanin MITRE da kuma SRI, kafin a 1977 ya koma cibiyar ISI ta jami'ar Kudancin Kalifoniya, a Marina del Rey. A nan ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Waɗanda suka san shi suna siffanta shi da mutum mai dogon gemu da takalmi fade, mai sanyin murya, mai son tafiya a ƙasa cikin duwatsu, wanda kuma ba ya sakin magana idan ya ga kuskure a ƙa'ida.

Littafin lambobi

Kwamfuta ɗaya tana iya yin hidimomi da yawa a lokaci guda, don haka kowace hidima tana da lambar ƙofarta. Idan cibiya ɗaya ta sa wasiƙu a ƙofa kaza, wata kuma ta sa wani abu daban a wannan lambar, an yi karo ke nan. A watan Mayun 1972, cikin RFC 349, Postel ya ba da shawarar a samu mutum ɗaya mai raba lambobin nan, ya kuma nuna cewa shi zai iya. Haka kuwa aka yi. Jerin da ya fara da shafuka kaɗan, zuwa 1994 da aka buga shi a matsayin RFC 1700 ya haura shafi 200. A ƙarshen shekarun 1980 aikin ya samu suna IANA, amma a zahiri Postel ne da abokiyar aikinsa Joyce Reynolds da wasu 'yan kaɗan a ofishin ISI.

Daga wannan littafi ne muka san cewa wasiƙun imel suna bin ƙofa ta 25, neman sunaye ta 53, shafukan yanar gizo ta 80, masu sirri kuma ta 443. Akwai wani labari da ke nuna yadda aikin yake a lokacin. A 1995 wani mai bincike ɗan ƙasar Finlan, Tatu Ylönen, ya rubuta manhajar SSH ta shiga kwamfuta daga nesa cikin sirri. Ya aika wa IANA wasiƙa yana neman lamba 22, washegari Joyce Reynolds ta amsa masa cewa an ba shi. Ku riƙe wannan SSH ɗin, za mu sake haɗuwa da ita a gaba.

Kowa ya tsaya a aikinsa

A 1974 Vint Cerf da Bob Kahn suka fitar da tsarin haɗa hanyoyin sadarwa daban-daban, suka kira shi TCP. A farko abu ɗaya ne dunƙule, shi ke neman hanya, shi ke kuma tabbatar da cewa saƙo ya isa daidai. A watan Agustan 1977 Postel ya rubuta cewa ana ɗora wa ƙa'ida ɗaya aiki biyu, ya kamata a raba. A 1978 aka raba ɗin: IP ya ɗauki aikin adireshi da kai ƙunshin saƙo, TCP ya ɗauki aikin jera su da sake aiko wanda ya ɓace. Postel ne ya tace rubutun ƙarshe, RFC 791 na IP da RFC 793 na TCP, duka a watan Satumban 1981. Shi ne kuma ya rubuta jadawalin sauya sheƙa, wanda ya sa ranar 1 ga Janairu, 1983 ARPANET ta bar tsohuwar ƙa'ida ta koma TCP/IP.

Wanda ya buɗe RFC 793 zai tarar da wani sashe da ya lissafa abin da manhaja za ta iya nema daga TCP. Abu shida ne: ta buɗe layi, ta aika, ta karɓa, ta rufe, ta katse nan take, ko ta tambayi halin da ake ciki. Wannan ai taga ce irin wadda na siffanta a sama. Mai rubuta manhaja ba sai ya san ko saƙonsa ta waya zai bi ko ta tauraron ɗan'adam ba. A 1983 jami'ar Berkeley ta saka irin wannan taga cikin manhajarta ta Unix, kuma salon da ta yi shi ne mafi yawan manhajojin intanet ke bi zuwa yau.

Wani abin kuma yana cikin ƙa'idar aika imel, SMTP, wadda Postel ya rubuta a RFC 821 cikin Agustan 1982. Duk amsar da kwamfuta mai karɓar wasiƙa za ta bayar tana farawa da lamba mai alƙaluma uku, sannan bayani ya biyo baya. Lambar ta manhaja ce, bayanin kuma na mutum. In ta fara da 2, an yi nasara. In ta fara da 4, an samu cikas na ɗan lokaci, a sake gwadawa. In ta fara da 5, an ƙi. Ke nan manhaja za ta iya yanke shawarar abin da za ta yi ba tare da wani ya zauna yana karanta allo ba. Lambobin nan na 200 da 404 da muke gani a yanar gizo irin wannan salo suka ɗauka, kuma da su API ta zamani ke ba da amsa.

Sunaye da ƙasashe

Da farko sunayen duk kwamfutocin da ke kan hanyar suna cikin fayil ɗaya da ake ajiyewa a SRI, kowa ya riƙa kwafa. Da suka yi yawa, Paul Mockapetris, wanda ke aiki tare da Postel a ISI, ya tsara DNS a 1983, wato tsarin da ke fassara suna zuwa lamba. Rabon sunayen da ke can saman tsarin ya sake faɗowa hannun Postel. A nan ne tarihinsa ya taɓo mu kai tsaye, domin a tsakiyar shekarun 1990, yana kan kujerar, aka ba da .gh na Ghana, da .cm na Kamaru, da .ng na Najeriya, da .ne na Nijar, da .td na Chadi.

A RFC 1591, ta watan Maris 1994, ya shimfiɗa manufarsa. IANA ba za ta shiga gardamar wace ce ƙasa wace ce ba ƙasa ba, za ta bi jerin haruffa biyu-biyu na hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO 3166. Sannan wanda aka damƙa wa sunan ƙasa, mai riƙon amana ne a madadin jama'ar ƙasar da jama'ar intanet baki ɗaya, kuma abin da ake duba masa shi ne hidima da nauyin da ke kansa, maganar mallaka ba ta taso ba. Kun ga a lokacin da gwamnatoci da yawa ba su ma san da abin ba, mutum ɗaya a wani ofishi a Kalifoniya ke duba wanda ya cancanta ya miƙa masa.

Janairun 1998

Amana tana da sauƙin riƙewa idan babu kuɗi a ciki. A watan Satumban 1995 kamfanin Network Solutions, wanda gwamnatin Amurka ta ba kwangilar rajistar sunaye irin su .com, ya fara karɓar dala 100 na shekara biyu a kan kowane suna. Nan da nan sunaye suka zama dukiya, lauyoyi da 'yan kasuwa da gwamnatoci suka shigo, aka fara tambayar wa ya ba Postel iko.

Tushen DNS yana kan manyan kwamfutoci masu suna 13, daga A zuwa M. A lokacin, ta farkon, A, tana hannun Network Solutions, kuma daga gare ta sauran ke kwafar jerin. Ranar 28 ga Janairu, 1998 Postel ya aika wa takwas daga cikin sauran goma sha biyun saƙon imel, ya nemi su daina kwafa daga A su koma kwafa daga wata kwamfuta ta IANA. Duk takwas ɗin suka bi, saboda shi ne ya faɗa. Abin da ke cikin jerin bai sauya ba, masu amfani da intanet ba su ji komai ba. Amma hankalin fadar gwamnati a Washinton ya tashi. Ira Magaziner, mai ba Shugaba Bill Clinton shawara, ya nemi a mayar da komai yadda yake, aka kuwa mayar cikin 'yan kwanaki. Postel ya bayyana abin a matsayin gwaji. Ranar 30 ga watan gwamnatin Amurka ta fitar da daftarin yadda take son a tafiyar da sunaye.

Har yau ana saɓani a kan nufinsa. Ni abin da na ɗauka daga lamarin shi ne wannan: tsarin da wasiƙar mutum ɗaya za ta iya juya tushensa ya dogara ne kacokan a kan halin mutumin. An yi dace Postel mai gaskiya ne. Amma ko mai gaskiya ba ya dawwama, kuma babu tabbacin wanda zai gaje shi. Shi kansa ya shafe watanninsa na ƙarshe yana aikin rubuta tsarin hukumar da za ta karɓi nauyin. A watan Satumban 1998 aka kafa ICANN. Ranar 16 ga Oktoba, 1998 Postel ya rasu a Santa Monica bayan tiyatar zuciya, yana da shekara 55. Washegari Vint Cerf ya rubuta ta'aziyyarsa, aka buga ta a matsayin RFC 2468, cikin jerin takardun da mamacin ya yi rayuwarsa yana tacewa. Sa idon gwamnatin Amurka a kan aikin IANA bai ƙare ba sai ranar 1 ga Oktoba, 2016.

Yadda hanyarsa ta kai ga sarrafa na'urori

Tun Postel yana raye aka fara neman hanyar da manhaja za ta lura da na'urorin sadarwa. A 1988 aka fitar da SNMP, wadda ke tambayar na'ura abubuwa kamar yawan saƙon da ya bi ta wani layi, ko layin yana raye. Ita ma da littafinsa take aiki: ƙofarta 161, kuma kowane kamfani mai ƙera na'ura yana karɓar lambarsa daga IANA. Ta Cisco 9 ce.

SNMP ta yi kyau wajen kallo, amma ba ta karɓu wajen saiti ba. A watan Yunin 2002 aka zauna taro tsakanin masu rubuta ƙa'idoji da masu tafiyar da hanyoyin sadarwa, aka buga sakamakon a RFC 3535. Masu aikin suka faɗi gaskiyar halin da suke ciki: saiti da hannu suke yi, ko kuma su rubuta 'yar manhaja wadda ke kwaikwayon mutum, tana buga umarni tana karanta abin da ya fito a allo. Da zarar kamfani ya ɗan sauya yadda rubutun ke fita, manhajar ta rikice. Suka nemi a ba su hanyar da za a aika saiti gaba ɗaya, ko ya shiga duka ko kada komai ya shiga, a kuma iya komawa baya.

Amsar ita ce NETCONF, wadda ta fito a RFC 4741 a 2006, aka sabunta ta a RFC 6241 a 2011. Bari in kwatanta yadda take aiki. A ce injiniya yana son ƙara sabon rukunin layi a rauta 500. Manhajarsa za ta shiga kowace ɗaya ta SSH ɗin nan da na ce ku riƙe, a ƙofa ta 830, wadda ita ma IANA ce ta ware ta. Da farko su gaisa, kowane ɓangare ya lissafa abin da yake iyawa. Sai manhajar ta kulle saitin don kada wani ya shigo ya taɓa a tsakiyar aiki. Ta rubuta gyaran a kan kwafin gwaji, ainihin saitin da ke aiki yana nan yadda yake. Ta nemi na'urar ta duba ko gyaran ya dace. In ya dace, ta ce a zartar, amma bisa sharaɗi: idan ba ta dawo ta tabbatar ba cikin wa'adi, wanda a bisa ƙa'ida minti goma ne in ba a sauya ba, na'urar za ta koma tsohon saitinta da kanta. Amfanin sharaɗin a bayyane yake. Idan gyaran ya yanke hanyar da injiniyan ke bi ya isa na'urar, ba sai an tada mota zuwa wani gari cikin dare ba.

Shi kuma fasalin bayanan da ake aikawa, da wani harshe ake rubuta shi mai suna YANG, wanda ya fito a RFC 6020 a 2010. Shi ne fom ɗin tagar. Yana faɗin cewa wannan gurbi lamba ce, misali lambar rukunin layi daga 1 zuwa 4094, wancan kuma adireshi ne, wancan dole a cike shi. A 2017 RFC 8040 ta kawo RESTCONF, wadda ke yin kusan wannan aiki ta hanyar ƙa'idar yanar gizo, don mai rubuta manhaja da Python ko mai amfani da Ansible ya nemi bayani, ya ƙara, ya gyara ko ya goge, a dawo masa da amsa mai lamba. Sunayen fom-foman YANG da ƙa'idojin suka amince da su kuwa, a rajistar IANA ake shigar da su. Littafin dai shi ne, masu riƙonsa ne suka sauya.

Ƙa'idarsa da masu sukarta

Akwai wata shawara da Postel ya saka a takardun TCP da IP tun 1980, wadda aka fi saninsa da ita. Ma'anarta ita ce manhaja ta tsananta wa kanta a kan abin da take aikawa, ta kuma yi sassauci a kan abin da take karɓa. A zamanin da kowa ke laluben hanya, wannan ya taimaka ƙwarai, domin da kowace na'ura za ta riƙa watsi da saƙo saboda ɗan kuskure, da ba a haɗu ba. Daga baya masana suka ga illarta. Idan ana karɓar kuskure ana yin shiru, mai kuskuren ba zai gyara ba, har kuskuren ya zama al'ada, ɓarayin intanet kuma su samu kafa. A 2023 aka fitar da RFC 9413 wadda ta tattauna wannan, ta fi karkata ga a riƙa gyara ƙa'ida da manhaja a kai a kai maimakon haƙuri da kuskure.

A fagen saita na'urori, ina tare da masu tsanantawa. Umarnin da mutum zai buga a na'ura ɗaya, manhaja za ta buga shi a dubu cikin daƙiƙoƙi, daidai ne ko kuskure. Mun ga misali ranar 4 ga Oktoba, 2021, lokacin da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida. Bisa bayanin kamfanin da kansa, wani umarni da aka bayar yayin aikin kula da na'urori ya katse manyan layukan da ke haɗa cibiyoyinsa, manhajar da ya kamata ta tantance umarnin ta hana shi tana da matsala, kwamfutocinsa na DNS suka janye kansu daga intanet, har sai da aka tura injiniyoyi cibiyoyin da ƙafarsu. Duk wanda kasuwancinsa ko zumuncinsa ke kan WhatsApp ya ji a jikinsa. Rabin farko na shawarar Postel, wato ka tsananta a kan abin da kake aikawa, bai tsufa ba ko kaɗan.

Bayan rasuwarsa ƙungiyar Internet Society ta kafa lambar yabo da sunansa, don masu yi wa intanet hidima ta tsawon shekaru. Shi aka fara ba a 1999. A 2007 ta zo yankinmu, aka ba Nii Quaynor na Ghana, wanda ya yi fice wajen shigo da intanet ƙasarsa da kuma kafa AfNOG, dandalin horar da injiniyoyin sadarwa na Afirka, da AFRINIC, hukumar da ke raba adireshin intanet a nahiyar. A 2019 kuma aka ba Alain Aina na Benin.

Shawarata ga ɗanmu ko 'yarmu mai son shiga wannan fage ita ce, kafin a ruga wajen haddace umarnin wani kamfani, a koyi karanta ƙa'idar kanta. Takardun RFC yanzu sun haura 9,000, kuma duka suna nan a intanet kyauta kamar yadda Postel ya bar su. A fara da RFC 768, wadda ya rubuta a watan Agustan 1980 a kan UDP. Shafi uku ce kawai, kuma wayar da ke hannunka sau da yawa tana aiki da ita idan ta nemi sunan wani shafi. Daga nan a wuce zuwa 6241 da 8040. Sai wani jiƙon.